Kurɓin da Gwaggo Ta Yi a Akara

Tun da na dawo bakina bai huta ba, bakin da dama ciwo ya tsuke shi. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya: "Malama Binta, yaya Gana?" Wasu labarin teku suke so, wasu so suke su ji ko an warkar da ni, wasu kuwa na san su sarai, zancen Gwaggo ne ya kawo su. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Ga wanda bai san ni ba, malamar firamare ce ni a wani ƙauye gabas da Zakirai. Shekara uku ke nan da ciwo ya kama ni. Da yatsu ya fara. In na taɓa ruwan sanyi sai su yi fari fat, su koma shuɗi, su yi ta zugi. Daga nan fatar hannuna ta ƙandare har alli da ƙyar nake riƙewa, fuska ma ta ɗaure. Sai ciki ya shigo da nasa: kumburi, ƙwannafi, gudawa, ina ta ramewa. Likitan da ke duba ni a Kano ya ce sunan ciwon sikilerodama, wai garkuwar jikina ce ta juya tana yaƙar fatata da kayan cikina.

Mutanen garinmu ba su karɓi wannan bayani ba. Ciwon ya soma ne bayan na gama wankan jego a gidan Gwaggo Ladi, ƙanwar babanmu, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyarmu. Kwana arba'in ita ke dama min kunun kanwa. A lokacin kuma akwai tsamin rai tsakanin 'ya'yanta da yayana Sale a kan iyakar gona. Wani mai magani ya duba ya ce abu aka ba ni a abinci, kuma hannun na gida ne. Shi bai kama suna ba. Yaya Sale ne ya kama, a bainar jama'a.

Daga ranar aka daina kiran Gwaggo girkin biki, matar da a da ba a ɗora tukunya a garin sai ta zo. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Abu ɗaya kawai ta tsiro da shi: duk abin da za ta ba ni, ruwa ne, kunu ne, magani ne, sai ta fara kai shi bakinta a gaban duk wanda ke wurin. Na hana, na yi kuka, a banza.

Sai likitana ya ce wata abokiyar karatunsa a Akara tana bincike a kan hanjin masu irin ciwona, kuma za su ɗauki nauyin hanyata da ta masu raka ni. Lokacin kaka ne, maigidana ba zai iya barin gona da yara ba, don haka Yaya Sale ya zama muharramina. Amma ina bukatar mace, tunda ko ɗaurin zani ba na iya yi ni kaɗai. Na ce Gwaggo.

"Ke Binta, kina da hankali kuwa?" in ji Yaya.

Na ce, "Ko da ita, ko in yi zamana a gida."

Har yau ina alfahari da wannan magana, don a rayuwata ban taɓa mayar masa da amsa ba sai ranar.

Daga Gezawa muka shiga Kano, muka hau doguwar motar Legas. Motar tana da na'urar sanyi, kuma direban yana ji da ita kamar shi ya ƙera ta. Kafin mu kai Zariya yatsuna sun yi fari. Gwaggo ta ɗaga murya ta ce, "Malam direba, a rage mana wannan sanyi, ai ba gawa kuka ɗauko ba!" Mota ta ɗauki dariya, amma sanyi yana nan. Sai ta kama hannuwana biyu ta cusa cikin rigarta, ta manna su a cikinta, haka muka yi ta tafiya har Lakwaja. Yaya yana kujerar gefe yana kallon taga. In an tsaya, shi kaɗai yake zuwa ya sayi abincinsa, guzurin Gwaggo ko kallo bai ishe shi ba.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, ban ga komai ba sai bayan motoci da mutane masu ihu ba tare da an yi musu laifi ba. Washegari muka kama hanyar iyaka.

A iyakar Seme yatsuna suka so su mayar da mu gida. Akwai wani gilashi da ake ɗora yatsa ya ɗauki zanensa. Na ɗora, shiru. Na sake, shiru. Fatar ta yi santsi ta bushe, zanen ya kusa shafewa. Layi ya yi tsawo a bayana, wata mata tana tsaki da wani yare, ni kuwa gumi ya jiƙa ni. Sai wani ma'aikaci ya ji muna Hausa ya matso. Ashe mutumin Bici ne. Ya ce, "Hajiya, ba ku da wani mai a jaka?" Gwaggo ta zaro man kaɗanya, ta mulke min yatsu, ta huhhura musu iska mai ɗumi, sannan ta goge. A ɗorawa ta huɗu gilashin ya yi kore. Mutumin Bici ya ce a gaida gida, Gwaggo ta ɗebo masa daddawa cike da hannu, ya rasa inda zai sa ta a kakinsa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙasashen nan. A wuni ɗaya muka ratsa Binin da Togo muka shiga Gana, sirara kamar gonakin gado a garinmu, kafin ka gama gaisawa da mai wannan ka taka ta wancan. A Kwatano babura sun fi mutane yawa, mata ma suna tuƙawa da kaya a baya. A Lome hanya ta bi bakin teku. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Duk wannan ruwa, ba mai noman rani?" Na ce mata gishiri ne. Ta ce, "Kai, asara."

A Akara an sauke mu a zango, gidan wata Hajiya Mariyama mai sayar da atamfa, wadda ta ce kakanta daga Kano ya zo fataucin goro bai koma ba. Hausa suke yi, amma sai ka kasa kunne. Ta dubi Gwaggo ta ce, "Mma, ka zo lafiya?" Gwaggo ta waiga tana neman namijin da ake yi wa magana. Kafin kwana biyu kuwa sun zama ƙawaye, suna musu a kan wa ya fi iya miya.

Abincinsu akwai labari. Kokonsu yaji ne zalla, kurɓa ɗaya ƙwannafi ya taso min har wuya. Wake da shinkafarsu kuwa sai an ɗora masa taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya, kamar ana tsoron kada wani abinci ya ji haushi. Akwai dokunu, tuwon masara mai tsami da ake ci da kifi. Yaya ya ci ya ce tuwon ya kwana uku, a mayar. Ni dai kunun gero Gwaggo take dama min da garin da ta ɗauko daga gida, ta kurɓa, ta miƙo.

Abin da ya fi ɗaure wa Gwaggo kai shi ne mutuwarsu. Hotunan mamata manne a bango kamar na 'yan takara. Ran Asabar muka ga taro da rumfuna da kiɗa, mutane sanye da baƙi da ja suna rawa. Gwaggo ta ce Allah ya ba da zaman lafiya, tana zaton ɗaurin aure ne. Da Hajiya Mariyama ta ce mata jana'iza ce, kuma mamacin ya yi wata biyu a firji, sai ta kama baki ta yi ta salati har muka iso gida.

A asibiti ranar farko an ɗebi jini, an auna numfashina, an mammatsa fatata. Yaya bai shiga ba, ya zauna ƙarƙashin bishiya da carbinsa. Wata nas 'yar zango mai suna Fati ita ta yi mana bayanin gwajin da ya kawo mu. Ta ce bangon hanji kamar rariya yake, yana barin gari ya wuce cikin jini, ya tare tsaki. A wasu masu irin ciwona ana zaton idon rariyar yana buɗewa, abin da bai kamata ya shiga jini ba ya shiga, garkuwar jiki ta ƙara harzuƙa. Don a gane, za a ba ni ruwa mai sukari iri biyu, ɗaya ƙanana ɗaya manya, a awo na musamman. Bayan na sha za a tara fitsarina na wasu awoyi. In manyan sun fito da yawa, to rariyar ta buɗe. Ta ce in zo da safe ban ci komai ba.

Gwaggo ta gane bayanin sarai, har ta ce ai ita ma rariyarta ta gida haka ta yi. Abu ɗaya ne ba wanda ya tuna ya gaya mata, ni ma ban tuna ba.

Da safe Fati ta kawo kofin. Ta ga hannuna ba zai riƙe shi da kyau ba, sai ta miƙa wa Gwaggo ta ce ta ba ni. Daidai nan aka kira ta a ƙofa, ta juya. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta yi bismilla ta kai kofin bakinta. Ba ɗan taɓa leɓe ta yi ba, kurɓi ta yi na mai gaskiya, har na ji wucewarsa a maƙogwaronta.

"Zaƙi ne kawai," ta ce. "Ba komai a ciki, sha."

Fati ta juyo ta ga kofi ya ragu. Ta ɗora hannu a ka. "Mma, me ka yi? An auna shi ne fa! Yanzu ba mu san nawa ya rage ba."

Aka kira likita, wata doguwar mace mai furfura da tabarau. Ta ce gwajin yau ya lalace, kuma ba ta san ko za a sami wani gurbi kafin ranar komawarmu ba, don mutane da yawa suna jira. Hayaniyar ta jawo Yaya ya shigo. Da ya ji abin da ya faru sai ya dubi Gwaggo, ya yi wata dariya mara daɗi.

"Ban faɗa ba? Ba ta so a gano. Mun ratsa ƙasa huɗu, ta zo ta ɓata abin da gangan."

Gwaggo ta sulale ta zauna a ƙasa, a kan tayil ɗin asibiti, ta ja mayafi ta rufe fuska. Matar da ta ɗumama min hannu da cikinta daga Zariya har Lakwaja. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na juya wajen likita, na tattaro duk Turancin da nake koya wa 'yan aji huɗu, na zayyana mata komai: wankan jego, kunun kanwa, mai magani, da dalilin da ya sa tsohuwar nan take ɗanɗana duk abin da zan sha shekara uku. Turancin ya karye a wurare da yawa, ban damu ba. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Likita ta cire tabarau ta goge. Ta ce wa Fati ta fassara, sannan ta ce Yaya ya biyo ta. Ta kai shi ƙofar ɗakin jira ta buɗe. Ina bayansu. Mata ne zaune a kan benci, sun fi goma. Wata da sarƙar kuros a wuya, wata da hijabi, wata 'yar Togo da ɗaurin kallabi irin nasu. Kusan kowace ka duba, bakinta a tsuke kamar nawa, yatsunta a lanƙwashe kamar nawa. Wata ma safar hannu ce a hannunta cikin wannan zafin. Ni kaina sai da na yi mamaki, don a zatona ni kaɗai ce a duniya da wannan fuska.

Likita ta ce, "Tambaye shi, wace ce a cikinsu ta sha kunun wannan baiwar Allah?"

Yaya ya daɗe yana kallon hannun wata mata da ke kusa da ƙofa, sannan ya dubi nawa.

Da muka koma ciki likita ta durƙusa a gaban Gwaggo, da farar rigarta da komai. Ta ce za ta nemo min gurbi ko da za ta zo aiki ranar hutunta. Ta ƙara da cewa binciken yana bukatar masu lafiya ma, don a gwada nasu hanjin da namu, in akwai mai so. Gwaggo ta yaye mayafi ta ce, "A ba ni kofina ni kaɗai, in shanye. A duba cikina duka, a ga abin da ke ciki." Fati ta dubi Yaya ta ce, "Kai fa, Alhaji?" Ba Alhaji ba ne, amma kunya ta hana shi ya ƙi.

Bayan kwana biyu muka koma mu uku, aka jera mana kofi uku. Wannan karon Fati da kanta ta riƙe min nawa, tana hararar Gwaggo da wasa. Aka ba kowa galan ɗinsa na tara fitsari da suna a jiki. Jama'a, ban so in tona asirin yayana, amma sai na faɗa. Mutumin da ko tari ba ya yi a gaban mata, ga shi yana zirga-zirga a barandar asibiti rabin wuni da galan ɓoye a cikin babbar riga, yana yi kamar ba nasa ba. Gwaggo kuwa ta ajiye nata a gefe kamar butar alwala, tana hira da 'yar Togon nan da hannu, ba mai jin yaren wata.

Ana jibi za mu taho sakamako ya fito. Nawa manyan sukarin sun fito da yawa, rariyar ta buɗe. Na Gwaggo da na Yaya lafiya lau. Yaya ya gyara zama ya yi tambayar da ke cinsa, ya ce to me ya buɗe ta, ba wani abu aka zuba ba?

Na ji daɗin likitar nan don ba ta yi mana ƙarya ba. Ta ce har yanzu ba su sani ba ko hanjin ne yake fara buɗewa ya tayar da ciwon, ko ciwon ne yake lalata hanjin, abin da suke nema ke nan. Ta ce ba za ta iya gaya masa abin da ya tayar da nawa ba. Amma ta ce ta shekara da shekaru tana ganin wannan ciwo, yawanci a mata, a gari da ƙauye, kuma alamarsa tana nan a jinina, garkuwar jikina ce da kanta. Ba aikin hannun mai dama kunu ba ne. Ta ba ni maganin ƙwannafi da na kumburin ciki, ta ce in riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, in ɗaga kan gadona, in kiyayi sanyi, sauran kuma ta rubuta wa likitana na Kano.

Da yamma a tsakar gidan Hajiya Mariyama, Yaya ya zo ya tsuguna kusa da Gwaggo tana tsince shinkafa. Ya ce, "Gwaggo, ki yafe ni."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "A Akara ka faɗa?"

Ya girgiza kai.

"To ba a Akara za ka janye ba."

Dawowa ba ta yi wuya kamar tafiya ba. A iyaka tun kafin mu kai layi Gwaggo ta mulke min yatsu, gilashi ya karɓa a ɗorawa ta biyu. Yaya da kansa ya je ya roƙi direban motar Kano ya rage sanyi, kuma aka rage. Ya ɗauki jakar Gwaggo, ta bar shi ya ɗauka, amma magana ba ta wuce gaisuwa ba har Gezawa.

Masu tambaya ko na warke, ban warke ba. Yatsun suna nan yadda kuka san su. Amma ciki ya lafa, ina cin tuwo, na koma aji. Kuma sunana yana cikin waɗanda aka yi binciken da su, ni 'yar ƙauyen nan, da na Gwaggo, wata rana in an gano maganin da hannunmu a ciki.

Mun iso gari da la'asar sakaliya. Kafin a sauke kaya ƙofar gidan Gwaggo ta cika, maza a waje, mata suna leƙe ta zaure, har da waɗanda suka shekara uku ba su taka wurin ba. Yaya ya cire takalmi, ya cire hula, ya durƙusa a ƙasa a gabanta. Ya ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji, ya ce shi ya yi mata ƙazafi, ya ga gaskiya da idonsa, ƙarya ya faɗa, kowa ya shaida.

Gwaggo ta bar shi a durƙushe. Ta juya ta shiga gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi Malam Liman ƙafarsa, ta tambayi wata maƙwabciya ko akuyarta ta haihu, ta tambayi ko an gama yankan dawa. Ba wanda ta tsallake. Yaya yana nan gwiwa a ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, wuri ya yi tsit. Ni ina tsaye a gefenta, hawaye yana zuba, ina jin kaina ya kusa taɓa sama.

Sai da ta gama da kowa sannan ta dube shi.

"Sale, tashi haka nan," ta ce. "Ɗan wana ne kai. Ba ni da inda zan kai ka."